Sakin da Sarkin Girka Ya Yi Mini

Maigidana malamin Turanci ne a makarantar sakandaren maza a Gumel, ni kuma ina koyar da 'yan aji biyu a firamare. A shekarun saba'in ke nan, bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanun mutane. Muna zaune a gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, da darbejiya guda wadda ba ta da aiki sai zubar mini da ganye in share.

Mutum ne marar magana. In ya shigo ya ce sannu da gida, in ya ci abinci ya ce an gode, in zai fita ya ce sai na dawo. Da fari na ɗauka kunyar sabon aure ce, daga baya na gane haka Allah ya yi shi. Abin bai dame ni ba, don a lokacin bakina ni kaɗai ya ishi gidan har da na maƙwabta.

Sai ƙyanda ta shigo gari ta ɗauke mana ɗanmu. Shi kaɗai gare mu, bai daɗe da fara tafiya ba. Daga nan ni ma bakina ya mutu. Ina tashi in dafa, in tafi makaranta in yi ta maimaita baƙaƙe da yara, in dawo in dafa, in kwanta. Wata irin gajiya ce ta kama ni wadda barci ba ya maganinta. Shi kuwa Malam, haka nake kiransa, ana tashi daga zaman makoki ya goge rigarsa ya koma aiki. Ban ga hawayensa ba. Na san yaron ɗan fari ne, na san ba a nuna wa duniya, amma ni ai ba duniya ba ce. Na riƙe shi da wannan a raina, ban kuma faɗa masa ba.

Wuri ɗaya ne kawai Malam yake da baki, shi ne wajen wani darasi da ya koyo a kwaleji daga wani tsohon Bature. Wai mutanen Girka na zamanin da, in za su koya wa yaransu iya magana a gaban jama'a, sai malami ya kawo wani sananne daga tarihinsu ko daga tatsuniyoyin gumakansu, ya sa shi a tsaka mai wuya. Ga wance sarauniya an kashe mata 'ya'ya, me za ta ce? Ga wane jarumi an kore shi daga garin da ya ceta, me zai ce a bakin ƙofa? Sai yaro ya miƙe ya zama mutumin. Ƙa'idar abin ita ce babu "ya ce", babu "in ji wane". Ni za ka ce, kai tsaye, kamar kai abin ya samu. Malam ya raɗa wa darasin suna aron baki.

Yaran da yake koyarwa yawancinsu daga Gagarawa da Ɗanzomo da ƙauyukan wajen suke, Turancinsu bai kai ya ɗauki kuka ko fushi ba. Don haka sai ya fara yi musu da Hausa, su ji abin a jikinsu, sa'an nan su yi ta fama su mayar da shi Turanci. A gida yake gwadawa tukuna, bayan la'asar. Na ji shi ya zama sarkin yaƙin da dakarunsa suka ƙi ci gaba. Na ji shi ya zama mamaci ya dawo yana yi wa 'ya'yansa faɗa. Akwai ranar da ya zama ganuwar wani gari tana kukan an rushe ta. Wannan kafin rasuwar ne, har na ce masa, "Malam, ashe ganuwa ma ta fi ka surutu." Ya yi murmushi ya ci gaba da zama ganuwa.

Ranar da abin ya faru Gwaggo tana gidan. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi, ta zo daga Sule Tankarkar a duba mata gwiwa a asibiti. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta rufe fuska da mayafi, mu duka mun ɗauka barci take. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da faifai ina tsintar wake, sai Malam ya leƙo.

"Malama, ara mini fuskarki," ya ce. "Na gaji da yi wa bango magana."

Na ja kujerata na shiga da faifan. Ya faɗa mini labarin a gurguje. Wani sarkin Girka ne ya yi baƙo, baƙon ya gudu da matarsa ƙetaren teku. Sarkin ya tara runduna, aka yi shekara da shekaru ana yaƙi, har ya ƙone garin da take ciki. To ga shi yau ya same ta. Me zai ce mata? Na ce to, na ci gaba da tsintar wakena, don ni a lokacin ko sarkin duniya ne bai dame ni ba.

Ya gyara tsayuwa, muryarsa ta canza kamar yadda ta saba. Ya fara da jiragen ruwa da mutanen da suka mutu. Sai can na ji maganar ta sauka ƙasa.

"Kin tafi ba ki yi mini sallama ba. Ina shiga ɗaki in tarar da kayanki, ba ke. Abinci yana zuwa mini da zafinsa, wadda ta dafa ba ta nan. Kin ɗauka ke kaɗai aka yi wa rashi?"

Hannuna ya tsaya a cikin waken. Wane rashi aka yi wa matar da ta bi baƙo da ƙafarta? Na ɗaga kai, ya kuwa zuba mini ido.

"Na gaji da bin ki. Na gaji da tsayuwa a bakin ƙofar da ba a kulle ba, ba a kuma buɗe ba. Na zo da niyyar in ɗauke ki mu koma gida, amma na gaji."

Ya sha gaya wa yara cewa mutanen Girka in suna so magana ta zauna sai su maimaita ta, kuma ya sha cewa in za ka ari bakin mutum ka sa masa kalmar da mai sauraronka ya sani. Ban san abin da sarkin gaskiya ya yi da matarsa ba. Na Malam dai sakin Hausa ya yi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Je ki. Na sake ki, na sake ki, na sake ki."

Salatin Gwaggo ne ya katse shi. Matar da gwiwa ta hana ta zuwa bakin rijiya, sai ga ta tsaye a ƙofar ɗaki.

"Ɗan nan, me kunnena ya ji?"

"Gwaggo, ba ni ba ne. Sarkin Girka ne."

"Ina sarkin? Ni kai na gani, ita na gani, ba na ukunku."

"Darasi ne, Gwaggo. Maganar wani ce nake yi."

"Maganar wani? Ka ce in ji? Ni ban ji in ji ba. Ko yaro ƙarami in zai faɗi mugun abu ya san ya ce in ji wane, ya ce ba a bakina ba. Kai ka dubi tsabar idon yarinyar mutane ka jera mata uku!"

Ta zauna daɓas ta kama kuka. Ina so a fahimce ni, Gwaggo ba muguwa ba ce, tana ƙaunata fiye da yadda wasu dangina suke yi. Tsoron Allah ne ya kama ta, kada mu kwana a kan haram. Kafin magariba matan maƙwabta sun cika tsakar gidan, kowa da abin da ta taɓa ji. Wata ta ce ko a mafarki mutum ya faɗa ya faɗu. Wata ta ce a'a, sai an rubuta. Ni ina zaune da faifaina a cinya, ba wanda ya karɓe shi, ni kuma ban tuna in ajiye ba.

Da safe Gwaggo ta sa ni gaba zuwa Maigatari, gidanmu, kafin malamai su duba maganar. Malam ya raka mu tasha, ya ɗora mini akwati, ya tsaya a gefen mota hannuwa a baya. Mutumin da jiya ya ƙone gari, yau ko a sauka lafiya sai da direba ya tayar da mota sa'an nan ya samu ya faɗa.

Mahaifina falken shanu ne, rabin rayuwarsa a hanyar Damagaram ya yi ta. Mahaifiyata 'yar can ƙetaren iyaka ce, ita makaranta lakwal ce a bakinta, malamin makaranta kuma mushe, kamar yadda suke ce musu a can. Da Gwaggo ta gama bayani Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Dama na faɗa, karatun lakwal in ya yi wa mutum yawa sai ya fara magana da mutanen da ba su nan. Yanzu mushen naku wane ne ya aure ki, shi ko sarkin?" Baba ya gama alwala. Ya ce a aika wa Liman, a kuma aika Gumel mai laifi ya zo da ƙafarsa in an ci kasuwa.

Kowa ya san nauyin abin. Da ɗaya ne ko biyu, da sai a ce ya mayar da ni a wuce wurin. Uku kuwa in sun tabbata, babu ni babu shi sai na auri wani ya sake ni. Wata ƙanwar Inna har ta fara yi mini zancen wani direban babbar mota da matarsa ta rasu, wai mutumin kirki ne, ba ya karatu ko kaɗan.

Gaskiyar magana, kwanakin farko barci na yi ta yi. Na ji daɗin rashin wanda zan dafa wa, na ji daɗin rashin fuskar da zan kauce wa. Har na fara tunanin ko wannan ce hanyar da Allah ya buɗe mana mu huta da juna. Amma in na farka sai maganar nan ta dawo, kin ɗauka ke kaɗai aka yi wa rashi. Haushi ya kama ni. Ashe duk wannan yana cikinsa, yana zaune da shi yana cin tuwona yana cewa an gode, sai da ya je ya tono wani mataccen sarki kafin ya iya buɗe baki. Daga haushin kuma na gane ba na son direban babbar mota, ba na son kowa. Wannan marar bakin nake so, ga shi kuma ana shirin raba ni da shi a kan ranar da ya fara yi mini magana.

An zauna a zauren Baba da hantsi. Ni da Inna muna bayan ƙofar cikin gida, muna jin komai. Liman tsoho ne mai sanyin murya, da ka ji shi ka san ya gaji da rikicin aure. Gwaggo ta ba da shaida ba ƙari ba ragi. Sa'an nan aka ce Malam ya yi bayani. Wayyo, in ka ji shi sai ka rantse bai taɓa shiga aji ba. Ya yi ta in-ina a kan Girka da yara da darasi, Baba yana gyaran murya.

Liman ya ce, "Su mutanen nan da kake faɗa, haka suke sa yaro ya ce 'ya'yana sun mutu, an kore ni, na kashe wane, da bakinsa?"

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ba sa tsoron bakinsu?"

"Ban sani ba, Allah ya gafarta Malam. Ba a koya mana wannan ba."

Liman ya ce saki ba abin wasa ba ne, wanda ya yi shi da wasa ya hau kansa. Amma mai ba da labarin maganar wani, saki ba ya kama shi, in ba haka ba da duk malamin da ya karantar da babin saki ya kwana gwauro. Na ji Inna ta sauke numfashi. Sai ya ƙara da cewa, shi fa malami yana cewa idan mutum ya ce wa matarsa kaza, kuma almajiransa yake kallo, ba iyalinsa ba. Wannan bawan Allah ya cire "ya ce", ya zaunar da matarsa, ya kuma dube ta. Saboda haka magana ta koma ga abin da ke zuciyarsa, wannan kuwa shi da Ubangijinsa suka sani.

"Malam, zan tambaye ka, ka ji tsoron Allah. Lokacin da kake maganar nan, da wa kake yi? Da matar sarkin, ko da matarka?"

Amsar a buɗe take. Abin da zai yi kawai ya ce da matar sarkin, a shafa fatiha, kowa ya tashi. Baba ma na ji yana cewa a hankali, "Faɗi mana, ɗana." Amma ni na san wanda na aura. Mutumin nan ko yaro ya tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba agogo kafin ya amsa. Inna ta damƙe mini hannu.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "da na fara, da matar sarkin nake. Da na yi nisa, da ita nake."

Gwaggo ta fashe da kuka. Ni kuwa na zauna a ƙasa a bayan ƙofar.

"Duk abin da na faɗa na gajiya da jira, nawa ne, da ita nake. Amma kalmar nan ta ƙarshe ba tawa ba ce. Na ba sarkin ne don ban san yadda zan rufe maganar ba. Ni ban taɓa nufin rabuwa da ita ba, ko sau ɗaya, balle uku."

Liman ya tambaye shi ko zai rantse. Ya yi alwala ya rantse. Liman ya ce aure yana nan, sai dai da sharaɗi, kada ya ƙara aron bakin kowa a gaban iyalinsa, in darasi ne ya bar shi a makaranta. Baba ya ce wannan shi ne daidai, Gwaggo ta ce ko sunan Girka kada ta ƙara ji a gidan. Malam ya ɗauki alkawari. Ni ba wanda ya tambaye ni komai, aka dai ce in haɗa kayana.

Muka koma Gumel, gida ya koma yadda yake. Sannu da gida, an gode, sai na dawo. Bayan la'asar ya zauna ya yi ta duba littattafan yara da jan biro, shiru kamar ba kowa. Na yi ta jira ko zai ɗora daga inda ya tsaya da bakin kansa, tunda ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa da ni yake. Bai iya ba. Ni ma da na shirya amsa tun a Maigatari, in na buɗe baki sai in ji na ce ruwan wanka ya yi zafi. Wata rana na gwada tsokanarsa na ce, "Malam, yau wane ne kai a makaranta?" Ya ce, "Na yi alkawari, Malama." An ceci aurena, ban musa ba, amma an toshe ƙofa ɗayar da nake jin mijina ta cikinta. Na gaji da shirun nan fiye da yadda na gaji da na farko, don yanzu na san akwai magana a bayansa.

Mu 'yan firamare muna riga 'yan sakandare tashi. Akwai wata 'yar hanya da ta ratsa gonar gero ta bayan azuzuwansu, ba na bin ta don ta fi nisa. Da damina ta yi nisa ruwa ya cinye hanyar da na saba bi, sai na ɓullo ta nan. Ina zuwa daidai wata taga na ji muryar nan, wadda ba ta gida ba. Na tsaya a cikin geron, ya fi ni tsawo, ba mai ganina.

Ranar wani tsohon sarki ne shi, an kashe masa ɗa a yaƙi, ya taka har wurin wanda ya kashe shi yana roƙon gawar.

"Ba ni shi. Ban ɗauke shi a kafaɗa a gaban mutane ba, ban kira sunansa ba, don kada a ce ba ni da kunya. In ya rarrafo wurina sai in kau da kai in jira a fita. Na ce akwai lokaci. Ba ni shi yanzu in ɗauka, kowa ma ya gani."

Ban san mutanen Girka suna kunyar ɗan fari ba, ban kuma yi zaton suna yi ba. Na toshe bakina da gefen mayafi na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da yaron. Da ya gama na ji ya koma muryarsa ta kullum ya ce su buɗe littafi su mayar da shi Turanci. Na share fuska na tafi gida na ɗora tukunya.

Daga ranar na mayar da hanyar gero hanyata. Ba kullum ake aron baki ba, wani lokaci in tarar ana nahawu in wuce. In kuwa ana yi sai in tsaya, in tsince nawa daga cikin na sarakuna da jarumai, ba wuya gane shi. Ban gaya masa ba. Alkawarinsa dai bai karye ba, tunda ba a gabana yake yi ba, a bayan bango nake.

Ran nan hadari ya taso tun kafin mu tashi, na fito ruwa ya kama ni a hanya da iska mai ƙarfi. Na ce yau kam ba abin da zan ji, an rufe ko'ina. Na dai bi ta cikin geron don ƙafata ta saba. Duk tagogin azuzuwan a rufe suke gam, ban da guda ɗaya. Yaran da ke kusa da ita sun ja teburansu can tsakiyar aji suna kare littattafai da hannu. Shi kuwa yana tsaye daf da tagar, ya ba ta gefe, feshin ruwa yana dukan kafaɗarsa, ya ɗaga murya sama da yadda aji ɗaya yake bukata. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Da ya dawo gida ya ce sannu da gida, na ce sannu da dawowa. Ya tuɓe rigar ya miƙo mini, ɓari ɗaya jiƙe sharkaf, ɗayan a bushe. Zanena yana kan igiya a ƙarƙashin rumfa yana ɗiga, da ganyen gero manne a gefensa. Ya dube shi, ya sa hannu ya cire ganyen, ya matsar da zanen kaɗan don rigar ta samu wuri.